Yadda Ake Shiga Babban Titi da Sauya Layi Ba Tare da Firgita Kowa Ba

Duk wanda na taɓa zama a gefensa ranar da zai fara hawa babban titi, abu ɗaya yake yi da zarar ya hango motoci suna shararawa a gabansa: sai ya ɗage ƙafa daga totur. Tsoro ne ke sa shi haka, kuma a cikin gari wannan ɗabi'a tana ceton mutum. A babban titi kuwa, inda babu mahaɗa, babu fitilar ba da hannu, kowa yana gudun kilomita 100 ko 120 a awa, ita ce takan jefa shi cikin haɗari. Masu tafiya a kan wannan titi sun saba da gudu. Abin da ba su shirya masa ba shi ne motar da ta faɗo musu ba zato, ko wadda ta shigo tana jan ƙafa. Saboda haka duk abin da zan koya maka a nan yana komawa ga abu biyu: ka daidaita gudunka da nasu, kuma su san abin da za ka yi kafin ka yi shi.

Na rubuta bayanin ne don ƙasashen da ake tuƙi a hannun dama, kamar Amurka, Jamus, Faransa da Sin. Idan kana inda ake bin hagu, irin Ingila, Japan, Indiya ko Afirka ta Kudu, sai ka juya dama ta koma hagu. Layin da ke kusa da bakin titi zan kira shi layin gefe, wanda ke can kusa da shingen tsakiya kuma layin ciki.

Abin da za ka tanada kafin ka tashi

Madubai uku masu tsabta, na ciki da na gefe biyu. Sigina mai aiki gaba da baya, dama da hagu. Ka kunna ka fito ka zagaya motar ka gani da idonka, domin idan ka ji tana ƙyaftawa da sauri fiye da yadda ta saba, galibi ƙwai ɗaya ya mutu. Fitilun birki su ma a duba su. Gilashin gefe da na baya kada ƙura ko kaya su rufe su. Tayoyi da iska daidai. Sannan ka san hanyar da za ka bi tun kana tsaye: sunan mafitar da za ka sauka ko lambarta. Wanda bai san inda zai fita ba shi ne yake tsallaka layi uku a lokaci guda. Idan karonka na farko ne, ka sami gogaggen direba ya zauna gefenka, ka kuma zaɓi lokacin da titi bai cika ba, da rana, babu ruwan sama.

Lissafi ɗaya nake so ka haddace. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 28 a kowace daƙiƙa. A 120, mita 33 ne. Duk sauran ƙididdiga daga nan suke fitowa.

Mataki na 1: Daidaita madubi

Yawancin mutane suna karkata madubin gefe ta yadda rabinsa jikin motarsu yake nunawa. Jikin motarka ba zai buge ka ba, asarar madubi kawai kake yi. Ka zauna yadda kake tuƙi, ka saita na ciki ya ɗauki gilashin baya gaba ɗaya. Sai ka jingina kanka da gilashin ƙofarka, ka tura madubin hagu waje har sai gefen motar ya rage ɗan siriri. Ka karkato kanka zuwa tsakiyar motar, ka yi wa na dama haka. Wani injiniya Ba'amurke, George Platzer, shi ya bayyana wannan tsari a 1995. Idan ka yi daidai, motar da ke wuce ka za ta fita daga madubin ciki ta shiga na gefe, ta fita daga na gefe ta shiga wutsiyar idonka.

Ko da haka, akwai lungu a gefen kafaɗarka, daidai ƙofar baya zuwa but, wanda madubi ba ya kaiwa sosai. Babur yakan ɓace a cikinsa gaba ɗaya, ƙaramar mota ma haka. Ka kuma sani madubin gefe, musamman na ɓangaren fasinja, yana da ɗan doro, don haka yana ƙanƙanta abu ya nuna shi nesa alhali yana kusa. In kana son sanin ainihin tazara, madubin ciki ne mai faɗin gaskiya.

Mataki na 2: Ɗaukar gudu a hanyar shiga

Nan ne aikin yake, kuma nan ne zan fi daɗewa.

Hanyar shiga takan fara da kwana, sannan ta miƙe ta zama layi mai tafiya kafaɗa da kafaɗa da babban titi. An yi wannan layin ne domin ka ɗauki gudu. Tun kana kan kwanar, ka fara satar kallon titin ta gefe: ya cika ko da sauƙi, manyan motoci ne a layin gefe ko ƙanana. Da hanya ta miƙe, ka kunna sigina ka taka totur da gaske. Idan motarka mai giyar hannu ce, ka riƙe giya ta 3 ko ta 4 ka bar injin ya yi kuka, kada ka yi saurin jefa ta a ta 5, domin a can ba ta da ƙarfin ja. Mai otomatik kuwa, ka danna totur sosai, za ta sauko da giya da kanta.

Dubi abin da ke faruwa ga wanda ya shiga da 60 alhali titi yana tafiya da 100. Bambancin kilomita 40 ne a awa, wato mita 11 a daƙiƙa. Motar da ke bayansa da mita 50, wadda a madubi ya ga kamar tana nesa, za ta cim masa kafin daƙiƙa 5. Dole ta taka birki, na bayanta ma ya taka, ko ta kauce ta faɗa wa wani. Da a ce ya shiga da 100, wannan mita 50 ɗin tana nan yadda take, babu wanda zai ko motsa ƙafa.

Akwai wata da na koya wa wadda ba na mantawa. Ta ɗauki gudu da kyau har kusan 80, sai ta ga tirela a madubi, ta taka birki, muka tsaya cik a ƙarshen layin. Na ga yadda ta ƙanƙame sitiyari har jijiyoyin hannunta suka fito, sigina na ta ƙyaftawa, motoci na wuce mu motar tana girgiza da iskarsu. Yanzu tana buƙatar tashi daga sifiri zuwa 100 a tsakiyar masu gudu, kuma babu sauran fili a gabanta. Mun fi minti biyu a wurin kafin titi ya yi sarari. Abin da ya kamata ta yi ƙarami ne: ta sassauta totur kaɗan tun da wuri, tirelar ta wuce, ta bi bayanta.

Wannan shi ne zaɓin gurbi. Kada ka tsaya kallon motoci ɗaya bayan ɗaya, ka nemi sararin da ke tsakaninsu, ka zaɓi guda, ka ce wa ranka bayan waccan farar motar zan shiga. Daga nan sai ka ƙara ko ka rage kaɗan har ka zo daidai da shi. Gurbi mai kyau yana da kimanin daƙiƙa 4, biyu gabanka biyu bayanka, wato sama da mita 100 a wannan gudun. Ba za ka auna da igiya ba, amma ido ba mudu ba ne ya san kima, kuma da yawan yi zai saba.

Kada ka manta da wanda ke gabanka a kan hanyar shigar. Haɗari da yawa a nan suke faruwa: mutum yana waige yana neman gurbi, na gabansa ya tsorata ya tsaya, sai ya afka masa ta baya. Ka bar masa tazara tun daga kwana, ka kuma riƙa raba ido: gaba, madubi, gaba, madubi. Idan mai jan ƙafa ne, ka ja baya sosai da wuri domin ka sami filin da za ka ɗauki naka gudun bayan ya shige.

Mataki na 3: Shigar kanta

Doka a nan a fili take kusan ko'ina: wanda ke kan babban titi shi ke da hanya, kai mai shigowa kai za ka ba da hannu. Dokar hanya ta Birtaniya ta faɗi haka a sashe na 259, ta Jamus ma haka take. Idan wani ya matsa maka, karamci ya yi, amma kada ka gina shigarka a kan tsammanin zai matsa.

Kada ka tsallaka farin layi mai ɗorewa ko wurin da aka yi wa zane-zanen tsaga a bakin inda hanyar shiga ta haɗu da babban titi. Ka jira inda layin ya zama tsinke-tsinke. Ka dubi madubin ciki, na gefe, ka waiga ta kafaɗa, sannan ka zame ciki. Waigen na ƙiftawar ido ne, haɓa ta kai kafaɗa ta dawo. Idan ka daɗe daƙiƙa ɗaya cur, ka yi tafiyar mita 28 ba ka ga gabanka ba. Masu koyo sukan ja sitiyari tare da kai ba su sani ba, don haka ka kafe hannunka yayin da wuyanka ke juyawa.

Bayan ka shiga, ka kashe sigina, ka zauna a layin gefe na ɗan lokaci har idonka ya saba da gudun. Kada ka zarce layin ciki kai tsaye daga hanyar shiga.

Idan layin ɗaukar gudun gajere ne ƙwarai, ko babu shi, ko motarka ba ta da ƙarfi ko ta ɗauki kaya, dabarar ta canja. Idan dole sai an jira, ka jira a farkon layin, inda kake da sauran fili a gabanka, har ka hango babban gurbi, sannan ka taka iya ƙarfin motar. A wasu manyan birane za ka tarar da fitila a kan hanyar shiga tana sakin mota ɗaya-ɗaya. A Chicago aka fara wannan a 1963. Idan ta ba ka kore, ka tashi da ƙarfi, domin filin da ya rage maka kaɗan ne.

Mataki na 4: Sauya layi

Kafin komai ka tambayi kanka ko akwai dalili. Wuce mai tafiya a hankali, ba wa mai shigowa wuri, shirin fita, ko kauce wa motar da ta lalace a bakin titi, waɗannan dalilai ne. Ganin layin maƙwabci kamar ya fi sauri a cikin cunkoso ba dalili ba ne, sauri ya haifi nawa.

Tsarin ba ya canjawa: madubi, sigina, madubi kuma, waige, sannan motsi. Madubi ne farko domin kada ka kunna sigina a fuskar wanda ya riga ya zo wuce ka, ka sa shi taka birki a banza. Ka kalli motar da ke layin da za ka shiga sau biyu, da ɗan tsaiko a tsakani. Idan ta ƙara girma a madubi, ta fi ka gudu, bar ta ta wuce. Idan girmanta yana nan ko yana raguwa, gurbin naka ne.

Ka bar sigina ta yi aikinta. Littafin koyon tuƙi na jihar Kalifoniya ya ce a kunna ta daƙiƙa 5 kafin sauya layi a babban titi, kuma ni ma abin da nake koyarwa ke nan. Wanda ya kunna ta bayan tayarsa ta riga ta taka layi bai sanar da kowa komai ba. Haka kuma kunna ta ba ya ba ka hanya, sanarwa ce ta niyya kawai.

Motsin sitiyari kaɗan ne ƙwarai, bai wuce faɗin yatsu biyu ko uku ba. A gudun 100, fizgar da kake yi a cikin gari tana iya sa mota ta yi tangal-tangal, doguwar mota ma ta kife. Ka ɗauki daƙiƙa 3 ko 4 kana zamewa, ƙafarka tana kan totur. Kada ka taka birki kana tsakiyar sauyawa, domin wanda ka shiga gabansa bai shirya wa haka ba. Layi ɗaya ake sauyawa a lokaci guda. Idan biyu kake buƙata, ka daidaita a na farko, ka sake tsarin daga farko.

Akwai tarko a titi mai layi uku da ba a cika faɗa wa masu koyo ba. Kai kana layin gefe kana son tsakiya, wani yana layin ciki shi ma yana son tsakiya, kowannenku ya duba ya ga babu kowa, sai ku haɗu a gurbi ɗaya. Saboda haka idan ka waiga, idonka ya tsallaka har layi na biyu. In akwai mota daidai kafaɗarka a can, ka ɗan jira ku saɓa.

Waigen nan ban ɗauke shi da wasa ba tun ranar da na kusa kashe mutum. Na duba madubai duka, babu kowa, na kunna sigina, na fara zamewa, sai wutsiyar idona ta kama hular kwano daidai ƙofar baya. Mai babur ne, ya daɗe yana tafiya a lungun nan da irin guduna. Na koma layina, ya wuce, amma ƙafata ta jima tana rawa a kan totur. Sababbin motoci suna da 'yar fitila a jikin madubi mai kamawa idan akwai wani a lungun. Tana taimakawa, sai dai takan makara a kan babur mai gudu, kuma laka ko ruwa na iya rufe mata ido. Ka waiga ko da tana nan.

Mataki na 5: Wuce mota da komawa

Ana wuce mota ta ɓangaren ciki. Kada ka manne wa bayanta sannan ka fito. Ka fito tun kana da tazarar daƙiƙa 2, inda kake ganin gaba sosai. Ka wuce ba tare da ɓata lokaci a gefenta ba, domin yanzu kai ne a lungunta. Ba za ka koma ba sai ka ga gabanta duka, da fitilunta biyu, a madubin ciki.

Da tirela sai ka ninka wannan. Mai cikakken lodi takan kai tan 40, ba ta tsayawa kamar taka, kuma lungunanta manya ne: gabanta kusa da hanci, bayanta, da dogon gefen da ba na direba ba. Idan ba ka ganin fuskar direban a madubinsa, shi ma ba ya ganinka. Tazarar da ya bari a gabansa ta birkinsa ce, kada ka cusa kanka ciki sannan ka rage gudu. Ka riƙe sitiyari da hannu biyu lokacin da kake fita daga inuwarta, iska takan ture mota a wurin.

Da ka gama, ka koma. Zama a layin tsakiya ko na ciki alhali na gefe babu kowa yana mayar da titi mai layi uku ya zama mai ɗaya. A Birtaniya tun 2013 ɗan sanda yana iya yanka wa mai yin haka tarar fam 100 da maki 3 na laifi a lasisinsa nan take.

Mataki na 6: Idan kai ne a kan titi wani yana shigowa

Da ka ga alamar hanyar shiga a gaba, ka duba madubi tun kafin ka ga mota. Idan layin da ke gefenka babu kowa, ka matsa ka bar masa na gefe. Idan ba hali, ka ɗage ƙafa kaɗan ya shiga gabanka, ko ka riƙe gudunka ka wuce ya bi bayanka. Abin da ke rikita shi shi ne ka ƙara, ka rage, ka sake ƙarawa. Kada ka taka birki mai ƙarfi don karamci, na bayanka ne zai biya. A Japan an taɓa gwada motoci 22 a kan da'ira mai tsawon mita 230, aka ce kowa ya riƙe gudun 30. Sakamakon da aka fitar a 2008 ya nuna ɗan rage gudun mutum ɗaya ya isa ya haifar da cunkoso mai komawa baya, ba tare da wani cikas a hanya ba.

Mataki na 7: Inda layi biyu suka zama ɗaya

Idan an rufe layi saboda gyara ko haɗari, abin yi ya danganta da yanayin titi. In motoci suna gudu kuma akwai sarari, ka koma layin da ke buɗe da wuri. In kuwa an riga an shiga cunkoso ana rarrafe, a yi amfani da layukan biyu har bakin wurin da aka rufe, sannan a shiga ɗaya bayan ɗaya kamar haƙoran zif: ɗaya daga nan, ɗaya daga can. Mutane da yawa suna ganin wanda ya bi layin har ƙarshe a matsayin mai son banza, har su fito su tare hanya. Kuskure ne. Barin layi guda babu kowa yana ƙara wa jerin gwanon tsawo ne kawai, har ya toshe mafitar da ke baya. A Jamus wannan tsari doka ne, a Beljiyam ma ya zama doka a 2014. Naka shi ne ka bar mota ɗaya ta shiga gabanka, kai kuma idan an ba ka, ka shiga kai kaɗai, kada ka manne wa na gabanka ku shige ku biyu. Ɗaga hannu na godiya yana sanyaya ran wanda ya ba ka wuri.

Mataki na 8: Fita

Allon farko yakan zo kilomita 1 ko 2 kafin mafita. A gudun 100, kilomita ɗaya daƙiƙa 36 ce kacal, don haka da ka gan shi ka fara komawa layin gefe. A ƙasashe da dama akwai alluna uku masu zane uku, biyu, ɗaya, a kan mita 300, 200 da 100 (a Birtaniya yadi ne). Ka kunna sigina a na farko. Ka riƙe gudunka har ka shiga layin fita, a can ne za ka taka birki. Ka dubi agogon gudu da idonka, domin bayan doguwar tafiya 80 takan yi kama da 50, kuma kwanar mafita takan fi yadda ake zato tsanani. Idan ka wuce mafitarka, ka tafi ta gaba ka juyo. Ribas a babban titi, ko yanke layuka a daƙiƙar ƙarshe, kada ma ya zo maka a rai.

Idan wani abu ya gaza

Idan kaya sun rufe madubin ciki, ko kana jan wata mota, madubin gefe ne kaɗai idonka, sai ka ninka gurbin da kake nema ka kuma zauna a layin gefe. Idan madubin gefe ya fashe a hanya, ka rage sauya layi zuwa wannan ɓangaren iya yiwuwa, ka ƙara waige, ka gyara shi kafin tafiya ta gaba. Idan sigina ta mutu, ka sauke gilashi ka yi alama da hannu, ka nemi gurbi mai faɗin da ba sai kowa ya yi maka komai ba, ka sauka a mafita mafi kusa. A ruwan sama tazarar daƙiƙa 2 ta zama 4, farin fentin layi yana da santsi, kuma ruwan da ya taru tsakanin layuka yakan ja taya, don haka ka tsallaka shi a hankali da sitiyari a miƙe. Da dare ba ka ganin jikin mota sai fitilunta: idan tazarar da ke tsakanin fitilun biyu tana buɗewa a madubi, tana matsowa. Fitila ɗaya kuma tana iya zama babur, tana iya zama mota mai ido ɗaya, saboda haka ka bar mata wuri kamar na mota.